Tambayi Likita: Wace Na'urar Ji Ce Ta Dace da Kunnena?

Tambaya: Likita, mahaifina ya haura shekara 70, sai an ɗaga murya yake ji. Na sayo masa na'urar kunne a wani shago, kwana biyu ya cire ta, wai fito take yi masa, kuma kukan babur ya fi maganar mutane fitowa. Daga Jega.

Amsa: Malam, Allah ya yi maka albarka. Ina kyautata zaton ƙaramar lasifika aka sayar maka, wadda ke ƙara wa kowane sauti ƙarfi ba zaɓe. Shi kuwa kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, irin "s" da "sh", shi ya sa Baba zai ce yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. Na'urar gaske sai an yi gwajin ji ake saita ta, a ɗaga sautin da ya ɓace, a bar wanda yake ji. Fiton kuma alama ce abin bai zauna daram a kunne ba, sauti na zurarowa yana komawa ciki. Ka kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Birnin Kebbi a fara leƙawa, don sau da yawa datti ne kawai ya toshe. In na'urar ce, ga dattijo na fi son wadda ake maƙalawa a bayan kunne: tana da ƙarfi, kuma yatsun tsoho na iya sarrafa ta.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, ina son wadda ba a gani. Akwai? Daga Yawuri.

Amsa: Akwai, Malama, kuma an sha tafiya kafin a iso nan. Da can ƙaho ake karawa a kunne, mai magana ya yi ta ƙoƙari. A 1898 wani Ba'amurke, Miller Reese Hutchison, ya ƙera mai aiki da lantarki bisa fasahar wayar tarho, amma girmanta sai dai a ajiye a tebur. Ƙirƙiro taransista, wani ɗan ƙanƙanin abu mai ƙara wa saƙon lantarki ƙarfi, a 1947 shi ya ƙara rage ta, daga baya ta hau bayan kunne. A 1996 masu 'yar kwamfuta a ciki suka shigo kasuwa, su ne ke iya rage hayaniya su fito da murya. Yanzu akwai mai cika kwanon kunne, akwai mai shigewa can cikin rami ba a ko hango ta. Sai dai ƙanƙantar na da kuɗinta: batirinta ba ya daɗewa, datti da gumi na saurin toshe ta, ba ta isar wanda jinsa ya yi ƙasa sosai, kuma in kunne na zubar da ruwa ba a sa ta. Ke da kike sa hijabi ma, ta bayan kunnen wa zai gani? Sai dai in mayafi na gogar ta kina jin ƙara, ki gaya wa mai saitawa.

Tambaya: Ɗana mai shekara uku ya yi sanƙarau watan jiya, ya warke, amma ko an kira shi ba ya waiwayowa. Daga Argungu.

Amsa: Hajiya, wannan ba ta jira. Sanƙarau na iya lalata can cikin kunne, wurin da ya yi kama da dodon koɗi, kuma cikin 'yan watanni ƙashi kan fara cike wurin. In gwaji ya nuna da sauran ji, na'urar bayan kunne mai ƙarfi za ta taimaka. In babu, akwai wadda ake dasawa da tiyata, ta aika saƙo kai tsaye ga jijiyar ji, amma tana da tsada kuma ƙashin nan na wahalar da dashen. Ki nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna cikin makon nan. Kada a ɗiga masa komai a kunne.

Tambaya: Batirin nawa ba ya kwana biyu. Daga Zuru.

Amsa: Iska ce ke tayar da irin wannan batiri, da zarar ka ɓare 'yar takardar bayansa ya fara ƙarewa ko ba ka sa shi ba. Kada ka ɓare sai za ka yi amfani, in ka ɓare ka jira minti ɗaya kafin ka sa. Da dare ka buɗe murfin batirin, ka ajiye na'urar a gwangwani busasshe mai marfi, nesa da yara, don haɗiye batirin haɗari ne babba.