Amsa kan yadda ƙwayoyin fata ke rufe miki

Malam ka tambaya in mutum ya ji ciwo, ƙwayoyin halittar fata ɗaya ɗaya suke zuwa su rufe wurin ko tare suke tafiya. Tare suke tafiya wallahi, riƙe da juna kamar tabarma da ake ja daga baki guda. Na bakin mikin su ke gaba, suna miƙa wani siririn leɓe su kama ƙasan mikin su ja, na baya kuma suna manne da su ta wani furotin da ake kira kadherin, ta nan ja ɗin ke ratsawa layi bayan layi har can ciki, kuma na bayan ma suna rarrafe da kansu, ba jan su kawai ake ba. In ɓangarori biyun sunka haɗu sai su tsaya. Wannan tsayawar idan ƙwaya ta taɓa 'yar uwarta masana kimiyya Abercrombie da Heaysman sunka bayyana ta tun shekarun 1950.

Amma fa rufewar ta fi sauri in wurin yana da danshi. Wani masanin kimiyya George Winter ya nuna haka a 1962 da fatar alade. Ni ma na gani a yarona lokacin hunturu nan Sakkwato, ya kuje gwiwa munka bar ta a buɗe, iska ta busar ɓawo ya yi tauri yana tsagewa, sai da anka wanke anka rufe da bandeji sannan na ga farin gefen nan na sabuwar fata yana matsowa kullum. In mai ciwon suga ne kada ka jira, kai shi asibiti.