Tambaya da Amsa: Lemon Citta Mai Gas Na Haɗin Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Na gwada haɗa lemon citta irin wanda ake sa wa yis ya yi gas da kansa. Na dafa citta da sukari, na zuba yis babban cokali guda, na ɗura a kwalaben gilashi na jera a kabad. A dare na uku muka ji wata irin ƙara, ko da muka duba kwalba biyu sun tarwatse. Saura biyu suna nan, tsoron taɓa su nake yi. Ina kuskuren yake? Daga uwar yara uku.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya kiyaye gaba, mun gode masa da babu yaro kusa da kabad ɗin. Biyun da suka rage, ki lulluɓe kowace da tawul mai kauri kafin ki ɗaga, ki sa su a firij su kwana, gobe ki sassauta murfin a hankali a cikin roba mai faɗi, fuskarki na gefe guda.

Yis abu ne mai rai. Da zarar ya samu sukari da ruwa mai ɗumi sai ya hau ci, yana fitar da iskar kabon wadda ita ce gas ɗin da muke nema. Ba ya sanin cewa kwalba ta cika. Muddin da sauran sukari, aikinsa yake yi. Gram 8 na sukari a kowace lita ya isa ya ba lemo gas mai kyau, alhali mu kusan gram 100 muke zubawa saboda zaƙi. Kin ga ke nan abincin da ke cikin kwalbar ya ninka abin da take iya ɗauka sau goma ko fiye. Ga yis babban cokali, ga kwana uku a rufe, ga gilashi da ba ya nuna alama sai ya fashe.

Ga yadda nake yin nawa. Na lita 2, nakan gurza ɗanyar citta gram 80 zuwa 100, in sa a tukunya da ruwa kofi 2 da sukari gram 200, su yi minti 10 a kan wuta marar ƙarfi. In na sauke sai in rufe in bar shi ya huce, in tace da ƙyalle mai tsabta, in matse tukar sosai don a nan ƙarfin cittar yake. Sai ruwan lemon tsami guda 2. In ɗura a robar lemon kwalba mai lita 2 wadda dama an yi ta don gas, ba robar ruwan sha mai laushi ba, in cika da ruwa amma in bar sarari kamar faɗin yatsu uku a sama. Yis kuwa ɗan mitsitsi ne: kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali, abin da za ki ɗiba da bakin wuƙa. Kuma ba na zuba shi sai ruwan ya huce har na ɗiga a bayan hannu ban ji zafi ba, domin zafin da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi.

Daga nan robar ce za ta gaya miki komai. Lokacin da kika rufe ta, in kin danna da babban yatsa za ta lotsa. Ki riƙa dannawa safe da yamma. Za ki fara ganin ƙananan ƙwayoyin kumfa suna hawa ta jikin robar, wani farin gari-gari yana kwanciya a ƙasa. Ranar da kika danna kika ji ta yi tauri kamar ƙwallon da aka cika wa iska, to a take ki kai ta firij, ko da tsakar dare ne. A ɗaki mai zafi wannan kan faru cikin awa 12 zuwa 24, a mai sanyi ya kai awa 48. Kada ki bi lissafin kwanaki na kowa, har da nawa. Ki bi yatsanki.

Firij ma rage wa yis gudu yake yi, ba kashe shi ba. Ki riƙa sassauta murfin sau ɗaya a rana ki ji "tsss" ki mayar, ku shanye cikin mako guda.

TAMBAYA: Anti, ina son in yi wa iyalina, amma maigida ya ce duk abin da aka sa wa yis aka bari ya kwana akwai sinadarin barasa a ciki. Ni kuma na ce ai lemo ne kawai. Wa ya fi gaskiya? Daga wata amarya.

AMSA: Ƙanwata, maigidanki ya fi ki gaskiya, kuma ba zan rufe miki komai ba don wannan tambaya ce mai nauyi. Duk lokacin da yis ya ci sukari abu biyu yake fitarwa tare, iskar kabon da sinadarin barasa, kusan rabi da rabi a nauyi. Ba yadda za a yi ki samu gas ta wannan hanya ba tare da ɗayan ya biyo ba. Abin da ya bambanta shi ne yawa. Lissafin da masu wannan sana'a ke amfani da shi shi ne, kowane gram 17 na sukari da yis ya cinye a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Wadda ta kai robarta firij da zarar ta yi tauri, abin da ke ciki yakan tsaya wajen rabin kashi 1 cikin 100. Wadda kuwa ta yi ta buɗe murfi tana fitar da gas, ta bar shi a ɗaki mako guda ko biyu har zaƙin ya tafi, to lemonta zai iya haura kashi 5, wato daidai da giyar kwalba. Raguwar zaƙi ita ce alamar da harshe ke iya kamawa.

Ni a ganina, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ko ɗigo ba, da mai juna biyu, da ƙananan yara, a bar musu yis gaba ɗaya. Ki dafa citta da sukari da ruwa kofi 2 kamar yadda na faɗa a sama, ki tace, ki sa lemon tsami, ki adana wannan ruwan mai kauri a firij. In za a sha, ki zuba babban cokali 3 ko 4 a kofi ki cika da ruwan soda mai sanyi. Gas ɗinsa na inji ne, babu abin da ya tsima. Haka kamfanoni da yawa ke yi. Lemon citta na Canada Dry da John McLaughlin ya fito da shi a Toronto a 1904 ta wannan hanya ake sa masa gas. Ɗanɗanon ba zai kai zurfin wanda ya tsima ba, amma za a sha hankali kwance, babu kuma fargabar fashewa.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, na ji ana iya yi ba tare da yis na shago ba. Na gwada da citta da sukari kawai, kwana shida ko kumfa babu. Daga ɗanki mai son girki.

AMSA: Ɗana, ana yi, kuma ni shi na fi so don yana da wani ɗan tsami mai daɗi da yis na burodi ba ya bayarwa. A jikin ɓawon ɗanyar citta akwai yis na halitta da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, irin masu tsamar da madara. Su ake rainowa. Ka samu kwalba mai faɗin baki, ka zuba ruwa kofi 2, da gurzajjiyar citta babban cokali ɗaya da ɓawonta, da sukari babban cokali ɗaya. Ka rufe bakin da ƙyalle, ba murfi ba. Kullum ka ƙara cokali guda na kowanne ka juya. Tsakanin kwana 5 zuwa 7 za ka ga cittar ta taso sama, kumfa na maƙale a ƙarƙashinta, in ka juya ka kara kunne za ka ji yana ƙara siriri. Rubu'in kofi na ruwansa ya isa lita ɗaya ta lemo a madadin yis na shago.

Naka da ya ƙi tashi, ina zargin ka fere cittar ko ka yi amfani da ruwan famfo mai kilorin, wanda aikinsa dama kashe ƙwayoyin halitta ne. Ka tafasa ruwan ya huce tukuna. Wata cittar kuma an bi ta da haske mai kashe ƙwayoyi don ta jure doguwar tafiya, irin wannan sai ka canza ta. In ka ga gashi-gashi baƙi ko kore ko ruwan hoda a sama, ka zubar duka, kada ka ce za ka kwashe saman.

Lemon citta mai tsima ya daɗe a duniya. A Ingila aka fara yin sa a ƙarni na 18, ana ɗura shi a kwalaben yumɓu masu kauri saboda irin matsalar da 'yar'uwarmu ta farko ta gamu da ita. Gidaje kan ajiye wani iri na tsimar da lemon mai kama da ƙwayoyin jeli suna ba wa juna, har masanin tsirrai Harry Marshall Ward ya bincika shi, ya bayyana a 1892 cewa yis ne da bakteriya ke zaune tare.

TAMBAYA: Anti, busasshiyar citta ko garinta za su yi? Daga mai karatu.

AMSA: Za su yi idan da yis na shago za ki haɗa, amma ki rage yawa sosai, ƙaramin cokali 2 zuwa 3 a lita 2. Sinadarin jinjarol da ke ba ɗanyar citta yaji yakan rikiɗe ya zama shogawol idan ta bushe, shi kuwa ya fi kama maƙogwaro, ƙamshin kuma ya ragu. Wajen raino irin da na bayyana wa ɗana a sama, sai dai ɗanya mai ɓawo.