Sabulun ruwa na fita amma kuɗin ba sa zama, shin in ci bashi in ƙara Hypo da Izal?

Wata ƙanwata daga Kano ta turo min saƙo, zan taƙaita shi saboda yana da tsawo. Tace: "Anti barka da warhaka, dan Allah shawara nake nema. Wata bakwai kenan ina haɗa sabulun ruwa a gida, a wani aji na WhatsApp na koya, duk sati ina yin lita 25 kuma wlh baya kwana biyar ya ƙare, maƙota duk a wajena suke siya. Kemikal ɗin 9,000 nake siyowa a Sabon Gari, ina zubawa a gorar ruwa ta 75cl ina siyarwa 500. A lissafina ina cin ribar 7,500 duk haɗi amma in na tashi komawa kasuwa sai na ciko daga kuɗin cefane. Yanzu zan ɗauki adashe 200,000 ƙarshen wata, ina so in ƙara da bashin manhajar waya in siyi injin juyawa in fara Hypo da Izal da man shafawa, ko in kayan sun yi yawa kuɗin zasu zauna. Ya kike gani?"

Toh ƙanwata, da farko Allah ya sa albarka, mace ta tashi ta koyi sana'a a ɗakinta har kayanta na ƙarewa cikin kwana biyar ba ƙaramin abu bane, mutane da yawa kasuwar ce basu da ita, ke kuma kin samu. Amma amsata kai tsaye itace a'a, kar ki ci bashin nan, kuma kar ki ƙara kaya ko ɗaya tukuna. Tukunyar da take yoyo ba'a ƙara mata ruwa, sai an nemo inda ta huje.

Kin tuna na sake tambayarki wasu abubuwa kika bani amsa, to bari mu zauna da alƙalumanki, ba nawa ba. Lita 25 tana baki gora 33, a 500 ya kama 16,500, kika cire 9,000 kika ce riba 7,500. Ina kuɗin gora? Kince 40 kike siyan ɗaya a wajen yara masu tsinta, 1,320 kenan. Adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da dawowa 1,200. Ruwan ɗan garuwa 200. Kinga kuɗin da kika kashe ya zama 11,720 tun ba'a je ko'ina ba. Sannan duk haɗi gora biyu na shiga kicin ɗinki, biyu kuma na tafiya kyauta wajen uwar miji da ƙawaye, 2,000 ta tafi. Sai gora biyar da ake ɗauka da "zan aiko yaro anjima" kuma yaron baya zuwa, 2,500. Abinda ya shigo hannunki da gaske 12,000 ne, ki cire 11,720, saura naira 280. Wannan itace ribarki ta sati, kuma ban saka ladan tsayuwarki kina juya muciya awa biyu ba, ban saka data ba. Ranar da kika je kasuwa aka ce Texapon, ɗaya daga cikin kemikal ɗin haɗin, ya tashi, dole ki taɓa kuɗin cefane. Ba wai kuɗinki basu da albarka bane kamar yadda kika fara zargi, lissafin ne bai cika ba.

Kuma akwai abinda yake cin masu wannan sana'ar a ɓoye, wato saka farashi da kuɗin da aka siyo kaya jiya. Yawancin kemikal ɗin nan daga waje ake shigo dasu ko kuma kayan haɗa su daga waje suke, to dala suke bi. Kowa ya ga abinda ya faru daga 2023, an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, mata da yawa da suke wannan haɗin a lokacin sun siyar da kaya tas suna murna, suka koma kasuwa kuɗin bai siyo musu rabin abinda suka saba ba, jarin ya narke a hannunsu ba tare da sun ci ko sisi ba. Saboda haka kafin ki faɗi farashin haɗin wannan satin ki kira mai kemikal ɗinki ki ji nawa kaya suke yau, da wannan zaki yi lissafi, domin shi zaki biya gobe.

Maganar bashin maƙota kuwa nasan da nauyi, mutum kuna gaisawa kullum kuna haɗuwa a biki da suna, ya zaki ce masa a'a kan ɗari biyar. Amma ki duba, gora biyar cikin 33 ta fi ƙarfin ribarki gaba ɗaya. Ki samu littafi ki rubuta a gabansu, wadda bata biya na baya ba ki ce mata cikin fara'a "Maman wance kuɗin saro kaya ne wlh, in kin kawo na jiya sai a ɗauki na yau". Na gida ma a biya. Ki yiwa maigida bayani a tsanake, da can ai ana siyan sabulun wanke-wanke daga kuɗin cefane, to yanzu a wajenki za'a siya, a saka kuɗin a gwangwanin sana'a. Kyauta ki cigaba da yi, alheri ne, amma daga ribarki bayan kin ganta da idonki. Ki buɗe asusu daban ko da na waya ne wanda duk tiransifar sabulu can zata shiga, kar ya haɗu da kuɗin anko.

Inda nake ganin kuɗinki yake shine wajen masu siya da jarka. Masu gidan abinci, masu wankin mota, masu shayi, makarantu masu banɗakuna da yawa, masu abincin biki, waɗannan kullum cikin wanki suke kuma basa buƙatar gora, su zasu kawo jarkarsu ki cika musu. Mu ɗauka kin basu lita a 550, ƙasa da farashin gora tunda gorarki tana kamawa wajen 667 duk lita, lita 25 ta zama 13,750 a hannu. In kika siyo kemikal na haɗi huɗu a tafiya ɗaya kuɗin mota ya koma 300 duk haɗi, da ruwa 200, kin kashe 9,500, ribarki 4,250. Ki kwatanta da 280. Sabulun ɗaya ne, hannun ɗaya ne. Kwastoma uku irin waɗannan sun fi miki maƙota talatin, kuma maƙotan ma kina iya ce musu duk wadda ta dawo da gorarta za'a rage mata wani abu.

Sai dai masu jarka basa yafe abu ɗaya, yau kaya yayi kyau gobe ya tsinke. Kin ce min da gwangwanin madara da murfin jarka kike awo, to wannan dole ya tsaya. Abu na farko da zaki siya da kuɗin adashen shine ƙaramin sikeli mai nuna giram, da takardar gwajin pH, wato mai auna tsami ko kaifin haɗin, duka ba tsada. Salfonik asid ne, kostik soda ne yake kashe masa kaifi, in kostik yayi yawa sabulun zai ci hannun mai wanke-wanke ya bushe yana saɓa, in yayi kaɗan kuma ya rage da tsami, ana so takardar ta nuna wajen 7 zuwa 8. Ki rubuta awon kowane haɗi da kwanan wata, wanda yafi kyau shi zaki riƙe. Kuma ki sani kauri ba shine ƙarfi ba, Natrosol da gishiri kauri kawai suke bayarwa, masu cire maiƙo sune salfonik da Texapon, gishirin ma in ya wuce ƙima sai ya mayar da sabulun ruwa tsululu. Na faɗi haka ne saboda in kaya suka yi tsada shaiɗan na raya wa mutum ya rage masu aikin ya ƙara mai kauri, ido bazai gane ba amma mai gidan abinci zata gane a tukunyar miya tun ranar farko, kuma algus ne, ba zan so miki shi ba ko da ba'a gane ba. Gara ki ƙara farashi ki faɗa musu dalili. Wani abu kuma, in a ajinku an koya muku zuba fomalin don kar sabulu ya lalace, ki bar shi, tun 2004 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka shi cikin abubuwan da ke jawo kansa, ki tambayi mai kemikal abin adanawa da akeyi don sabulu da kayan shafa.

Yanzu Hypo da Izal ɗin da kike son ƙarawa. Ba'a tauna taura biyu, balle huɗu, kowanne da nasa kemikal da robarsa da kuɗin da zai kwanta a ciki. Hypo ma baya son rana da zafi, ƙarfinsa raguwa yake in ya daɗe, sai da roba mai duhu, ba gorar ruwa ba. Amma abinda yafi tsaya min a rai shine kince a tsakar gida kike haɗi kuma kina da yara uku ƙanana. Ƙanwata, Hypo in ya haɗu da asid, irin na wankin masai ko salfonik ɗinki, hayaƙin kulorin yake fitarwa wanda ke shaƙe numfashi, kuma kina shirin ajiye su a lungu ɗaya. Kostik ɗin da kike dashi yanzu ma ya isa abin tsoro, in an jiƙa shi fari tas yake kamar ruwan sha, yara da yawa a gidajen masu sabulu sun kurɓa, yana ƙona maƙogwaro ya tsuke shi yaro ya kasa haɗiyar abinci, jinya ta shekaru. Dan girman Allah kar ki taɓa zuba shi a gorar lemo ko kofi, ki samu akwati mai kwaɗo, kiyi haɗi lokacin da suke makaranta. Kostik ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa akan kostik ba, saboda zafi yake ɗauka yana fantsama, kuma banda tukunyar alminiyom domin cinta yake, robar mai kauri zaki yi amfani da ita. Safar hannu da tabarau dole. In ya taɓa fata ko ido ayi ta kwarara ruwa kamar minti 20, in yaro ya sha kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, asibiti kai tsaye. Na daɗe akan wannan saboda tsautsayi ɗaya zai cinye adashe goma, kuma wani abun kuɗi basa gyara shi.

Bashin manhaja kam ba sai na ja ba. Kuɗin ruwa ne, ga wa'adi gajere, sana'ar da take bada 280 a sati bazata biya shi ba, kuma kin san halin wasunsu na tura saƙon cin mutunci ga duk lambobin wayar mutum, har sai da hukumar kare haƙƙin masu siyan kaya ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022. Injin juyawa ma bai taso ba, muciya mai tsawo da durom na roba sun isheki har lita 50, ga wutar ma ba tsayawa take ba. In gaba tayi kyau akwai bankunan da basa ta'ammali da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin murabaha, su siyo kayan su siyar miki da riba sananniya, amma suma littafinki zasu fara tambaya.

Ga yadda zan yi da 200,000 ɗin in nice. Sikeli, takardar pH, safar hannu, tabarau, durom da akwatin kullewa a farko. Sai kemikal na haɗi huɗu zuwa shida a farashin sari, kostik ɗin a rufe shi ruf don yana jan danshi ya dunƙule. Sai ki ware na rajistar sunan kasuwanci a CAC, domin makarantu da manyan gidajen abinci zasu nemi rasit mai suna. Ragowar, aƙalla rabi, ki barshi a asusu kar ki taɓa, shine zai riƙe ki ranar da kaya suka tashi. Ki kuma sa a ranki cewa sabulu da kayan wanki suna ƙarƙashin NAFDAC, kafin ki manna sitika ki kai shaguna sai da lambarsu, zasu zo su ga wajen haɗin wanda dole ya zama ɗaki daban ba kicin ba, su gwada kayan, sitikar ta nuna suna da adireshi da lambar haɗi da ranar yi da ranar lalacewa. Kije ofishinsu da ƙafarki ki ji kuɗin daga bakinsu, ki leƙa SMEDAN ma tunda don ƙananan sana'o'i aka kafa ta, kar ki ba dillali kuɗi, kuma ko da wasa kar ki bari mai buga sitika ya saka miki lambar wani.

Kiyi haɗi huɗu a jere kina rubuta komai, har naira hamsin ɗin leda, ki nemo masu jarka biyu ko uku a unguwarku a cikin watan. In kin gama ki ɗauki hoton shafukan littafin ki turo min, sai mu duba tare muga ko lokacin komawa lita 50 yayi.