Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gwada Dutsen Dalma Kafin Ciniki

Tambaya: Ranku ya daɗe, ina da buhu 40 na tozali, wato dutsen dalma, a Tahoua. Mai saye daga Yamai ya ɗora na'ura kan dutse ɗaya, ya yanke farashi. Daidai ne?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Irin wannan na'urar hannu mai auna ƙarafan da ke cikin dutse, wato XRF, saman dutse kawai take karantawa, kuma dutse ɗaya ba ya wakiltar buhu 40.

A ɗebi daga kowane buhu, sama da tsakiya da ƙasa, har da garin da ya kwanta a gindi, domin tozali mai gautsi ne. A farfasa, a gauraya, a tara tsibi, a baje, a raba huɗu. A ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya rage kilo 2 ko 3. A niƙe, a raba uku, a liƙe gaban kowa: naka, na mai saye, da na ajiya don ɗakin gwaji na uku idan an saɓa.

Tsantsar tozali dalmarsa ba ta wuce kashi 86.6 cikin ɗari. Azurfar da ake samu cikin tozali kuwa giram ake lissafa ta a kowane tan, kuma gwajin narkarwa a wuta ne abin dogaro. Nan ake yawan cutar masu haƙa: a biya dalma, a yi shiru da azurfa.

Wajen lissafin kuɗi, ana cire nauyin laima bayan busarwa a zafin digiri 105 na Celsius, da kuɗin narkar da dutsen a masana'anta, da tarar arsenik, wata guba da kan zo cikin dutsen. Farashin dalma kasuwar ƙarafa ta Landan yake bi. A rubuta duka kafin loda mota.

Don Allah kada a niƙa a gida. Ƙurar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.