Yaya Hajiya, ga yadda muke karɓar baƙo a Perth

Yaya, kin tambaye ni ko da gaske ne idan baƙo ya sauka mana a Ostireliya sai mu kwashe shi zuwa bakin ruwa maimakon mu zaunar da shi a gida, har kika ce hankalinki bai kwanta ba saboda irin shigar da kike gani a waya. Da gaske ne muna fita da baƙo, amma akwai dalili.

Mu Hausawan Perth ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Garin ya miƙe ne a gefen tekun Indiya, wani yana can arewa, wani yana kudu, gidajen kuma ba su da tsakar gidan da za ta ɗauki iyali biyar. Saboda haka lambunan gwamnati suka zama zaurenmu. Ranar Asabar ko Lahadi sai a haɗu a Kings Park, wanda ya kai hekta 400 a kan tudu, ko a gefen kogin Swan. Hukuma ta girka wuraren gashin nama kyauta, maɓalli kawai za ki danna ƙarfen ya ɗau zafi. Mukan goge shi tas, mu shimfiɗa takardar alminiyam a kai, domin ba a san abin da na gabanmu ya gasa ba. Naman daga mahautan Musulmi ake sayo shi, a barbaɗe shi da yaji. Maza su yi shimfiɗa gefe, mata gefe, yara na ta guje-guje a tsakani. La'asar ta yi a jera sahu a kan ciyawa, mutane su wuce abinsu. A irin wannan zama ne yaranmu ke jin Hausa daga bakin da ba na iyayensu ba, shi ya sa ba na wasa da shi.

Maganar bakin teku kuwa, abin da kika gani ba ƙarya ba ne, musamman a Cottesloe daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ku kuke hunturu mu muke tsananin zafi. Mu da sassafe muke zuwa, ko gab da magariba idan jama'a sun ragu. Matan da ke son shiga ruwa suna da rigar ninƙaya mai rufe jiki har kai, wadda wata Musulma 'yar asalin Labanan, Aheda Zanetti, ta ƙirƙiro a Sidni a 2004. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne igiyar ruwa mai jan mutum ciki. Ba mai shiga sai tsakanin tutocin nan masu launin ja da rawaya, inda masu ceto ke tsaye.

Za mu kai ki tsibirin Rottnest, wajen rabin awa a jirgin ruwa daga Fremantle, tashar jiragen ruwan Perth. Ba a shiga da motar gida, sai keke ko bas. Can ne ake ganin kwoka, ɗan ƙaramin dangin kangaru, wanda doka ta hana a taɓa shi ko a ba shi abinci. Amma ba ma barin baƙo ya dawo da hotuna kaɗai. Daga 1838 zuwa 1931 Turawa sun tsare dubban maza 'yan asalin ƙasar a wannan tsibiri, ɗaruruwa suka mutu aka binne su a can. Hakkinsu ne a faɗa.

Ranar Juma'a kuma sai masallacin titin William da ke cikin garin Perth, wanda aka aza harsashinsa a 1905. Masu raƙuma daga Afganistan da yankin Indiya ne suka gina shi da kuɗin guminsu, mutanen da ke kai kaya garuruwan haƙar zinariya irin su Kalgoorlie.

Idan Allah Ya nufa za ki zo, ki nufi Satumba ko Oktoba, ba zafi sosai kuma furannin daji sun buɗe. Don Allah kada ki ɗauko kilishi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Kuka, daddawa da yaji kuma ki rubuta su a takardar shigowa, su duba da kansu, domin ɓoyewa tara mai nauyi take jawowa.