Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗalibaina ba sa bambanta P da F

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji huɗu na firamare, yara 80 ne a ajin. Kusan dukkansu "fen" suke cewa a wurin "pen", "pish" a wurin "fish". Na yi gyara har na gaji. Ina mafita? Daga wata malama, Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yaran ba su da laifi, kunnensu ne bai saba ba. Hausa sauti ɗaya gare ta a wannan gurbi, kuma da leɓɓa biyu ake furta shi. Shi ya sa ko an ce fanka ko panka, kowa ya san abin da ake nufi. A Turanci kuwa "pull" daban, "full" daban. Abin da kunne bai rarrabe ba, baki ba zai furta shi daidai ba, don haka da kunne za ki fara.

Ki ware minti 10 kullum a farkon darasi. Kwana uku na farko kada kowa ya furta komai, ke kaɗai za ki yi magana. Ki ɗauki kalmomi masu kama da juna: pan da fan, pin da fin, pull da full. Idan suka ji P su ɗaga hannun dama, idan F ce su ɗaga na hagu. Su rufe ido, in ba haka ba na baya za su riƙa bin na gaba.

A rana ta huɗu sai baki. Kowane yaro ya riƙe 'yar siririyar takarda, kamar tsawon yatsa, a gaban leɓɓansa. Wurin P, a rufe leɓɓa ruf sannan a sake su gaba ɗaya. Takardar za ta yi tsalle. Wurin F, haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa, iska ta fito a hankali, takardar ta karkata kawai. Ana iya jan F muddin akwai numfashi, P ba ta jawuwa. Idan F ta zauna, V ta zo da sauƙi: bakin yana yadda yake, sai a ƙara murya. Yaro ya ɗora yatsu a maƙogwaro, zai ji karkarwa a "vest", ba zai ji ba a farkon "fast".

Inda aka fi yin kuskure shi ne sa aji duka su maimaita tare. A cikin muryoyi 80 ba za ki ji mai kuskure ba, shi ma ba zai ji kansa ba. Ki bi su layi-layi, sannan ki zaɓi biyar su faɗa ɗai-ɗai, gobe wasu biyar. Kada ki haɗa P da F, B da V, da sautin TH a mako guda. Za ki kuma ga wasu sun zarce, suna cewa "pipty" a wurin "fifty". Alama ce sun fara lura, ki mayar da su kan takardar. Ki gaya musu tun yanzu cewa PH a "phone" F ce. Kafin darasi ki saurari kalmomin a ƙamusun Cambridge ko Oxford na intanet, duka suna da murya kyauta. Wannan aikin zai biyo su har jarrabawar WAEC, a takardar furuci.

TAMBAYA: Ina jin Turanci, amma da na buɗe baki sai ya ƙi fita. Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

AMSA: Ɗan'uwa, ka daina haddar kalmomi ɗai-ɗai, ka haddace jimla sukutum, biyar a rana, irin waɗanda kake buƙata a shago. Ka sauke shirin BBC mai suna 6 Minute English tare da rubutunsa. Ka saurara sau ɗaya ba ka duba rubutu ba, sau ɗaya kana dubawa, na uku kana bin mai magana da murya a fili. Sannan ka ɗauki muryarka a waya na minti ɗaya kana ba da labarin cinikin jiya.

A nan za ka kama kanka kana cewa "yesterday I go" a wurin "yesterday I went". Dalili: a Hausa muna cewa na tafi, zan tafi, "tafi" ba ta sauyawa, abin da ke gabanta ne ke nuna lokaci. A Turanci, idan abin ya riga ya wuce, kalmar aikin ce da kanta ke sauyawa. Ka fara da na kasuwa: go da went, buy da bought, sell da sold, pay da paid, bring da brought.