Ga ƙanwarmu da yaran darasin yamma suka watse mata

Ƙanwata, tambayarki ta fama mini tsohon miki. Kin ce jami'a ta tura rukuninku koyar da yara darasin yamma a unguwar da ke maƙwabtaka da makaranta, da farko aji cike, yanzu yara sun watse, iyaye ko gaisuwarki da ƙyar suke amsawa, ga ofishin shirin ya matsa miki da rahoto da hotuna kafin ƙarshen zango. Kina tambaya ko ki rubuta komai lafiya ki huta, ko ki ajiye shugabancin. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Masu ce miki wai mutanen unguwa ba sa son ci gaba kuwa, don Allah su bari. Ba su taɓa tsayawa gaban uwar yaro da alkawarin da wani ya ɗauka da bakinsa ya bar su da cikawa ba.

Na riƙe irin rukuninki ina aji uku. Jami'in da ke kula da shirin, ba zan kama suna ba, ya tara iyaye ya ce za a kawo littattafai da benci, a kuma gyara rufin ɗakin da suka ara mana. Ranar ƙaddamarwa motar jami'a ta zo da katan-katan na littattafai sababbi fil, ga masu kyamara, mu kuma aka raba mana riguna masu tambari. Aka jera yara, kowa aka miƙa masa littafi ya rungume, aka ce su yi murmushi. Manya suna shiga mota sai jami'in ya kira ni gefe, wai a tattaro littattafan a mayar cikin katan, za a buga musu hatimi a ofis a dawo da su mako mai zuwa. Ni aka sa karɓa, tunda ni yaran suka sani.

Akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, har ta rubuta sunanta da fensir a bangon ciki, haruffan a karkace, ɗaya ma a juye. Ta ƙanƙame littafin a ƙirji ta ƙi saki. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take. Na durƙusa ina ce mata za a dawo da shi, na rantse mata, sannan ta sake shi. Uwarta tana bakin ƙofa tana ganin komai. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Littattafan ba su dawo ba. Na yi ta sintiri ofishinsa, yau ya fita taro, gobe mai riƙe da makullin sito bai zo ba. Ranar da na rutsa shi, ko kai bai ɗago ba ya ce ke ɗaliba ce, ki yi abin da ya kawo ki. Daga baya na ga katan-katan ɗin nan a hoton wata ƙaddamarwar a wata unguwa, na gane su da tambarin da muka manna da hannunmu. Da rahoton shekara ya fito, hoton yaranmu ne a bango, kowa da littafi a ƙirji. Shi aka yi masa ƙarin girma. Ni kuma aka bar ni da bin lungun da iyayen suke zaune. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwa, wannan dai ina nan ina ƙoƙari.

Abin da ya buɗe mini ido wani dattijo ne da ya zaunar da ni ya lissafa mini waɗanda suka zo kafin mu. Wasu sun zo da takardun tambayoyi, mutum nawa ne a gida, me ake samu a wata, suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wasu sun fara koyarwa, jarrabawa ta zo suka ɓace, yara suna zuwa suna tarar da ƙofa a kulle. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Don haka kafin ki zargi kanki, bincika wa ya riga ku zuwa da abin da ya bari. Ta yiwu bashin wani kike biya.

Asalin cutar tana cikin tsarin. Jami'a tana tafiya da zango da jarrabawa da hutu, ɗalibi ya gama ya kama gabansa, yaron unguwa kuwa yana nan duk shekara. Wasu wuraren sun gane haka tuntuni. Jami'ar UDS da ke Tamale a Ghana, wadda aka kafa a 1992, ta raba shekararta zango uku, na ukun ɗalibai a cikin al'umma suke yin sa, su zauna can makonni, kuma yana cikin makin karatunsu. A Indonesiya akwai shirin hidimar al'umma da ake kira KKN, ɗalibai su tare a ƙauye tare da malami mai duba su. A Meziko tun 1936 aka fara tura ɗaliban likitanci karkara, yau kuma ɗalibi ba ya karɓar digiri sai ya yi hidimar aƙalla awa 480 cikin abin da bai gaza wata shida ba. Ba na ce can babu masu cika takarda da ƙarya ba, amma an ware wa aikin lokacinsa, ba a matse shi tsakanin lakca da jarrabawa ba. A 2005 shugabannin jami'o'i 29 daga ƙasashe 23 sun haɗu a garin Talloires na Faransa suka sa hannu kan cewa hidimar al'umma nauyi ce a kan jami'a. Nauyin jami'a, ƙanwata, ba na ɗaliba mai biyan kuɗin mota da alli daga aljihunta ba. Wannan ma wani ciwon ne, mu nawa a nan aka ce mu ajiye rasit za a biya mu?

Ki cire rigar mai tambari, ki bar waya a jaka, ki bi iyayen gida-gida ke da mutum ɗaya. Kada ki ce me ya sa kuka daina turo su. Ki ce me muka yi da bai yi muku daɗi ba, sannan ki yi shiru ki sha abin da za su faɗa. Mu a nan muka gano ashe lokacin da muka zaɓa ya dace da jadawalinmu ne kawai, su kuma lokacin ne yara suke taya iyaye aiki. Da muka matsar da shi, wasu suka dawo. Ba duka ba.

Rahoto kuwa, rubuta gaskiya. Ɗauko rajistar halarta ki sa adadin makon farko da na yanzu, da dalilan da iyaye suka ba ki, da abin da kika canza. Malamin da ya san aikinsa ya fi son wannan. In kin yi ƙarya, rukunin baɗi za su zo da zaton komai lafiya su faɗa ramin da kika rufe da ganye. Hoton yara kuma kada a ɗauka sai da izinin iyaye, kuma kada ki bari 'yan rukuninki su watsa su a Facebook. Akwai masu zuwa ranar kyamara kaɗai, sai ranar raba takardar shaida ka ga sun fi kowa sammako. Kada ki ɓata ranki a kansu, uku masu zuwa kullum sun ishe ki.

Duk wanda zai yi alkawari gaban iyaye, ko shugaban jami'a ne, ki nemi a rubuta da kwanan wata da sunan mai cikawa. In babu, ki faɗa wa iyayen a ranar cewa ke abin da ke hannunki koyarwa ce kawai. Ki sanar da su ranakun jarrabawa da hutu tun yanzu. Ki nemo wani daga unguwar, malamar firamare ko matashin da ya gama sakandare, ya riƙe makulli da rajista tare da ke, ki kuma jawo ɗaliban shekarar farko cikin rukunin domin su ne za su daɗe. Ƙofar aji ta zauna a buɗe, kada ɗalibi ya keɓe da yaro shi kaɗai, wannan kariya ce gare ku duka.

Ba ki faɗa ba ko aikin naku yana cikin kwas mai maki ne ko na sa kai ne, don wanda za ki kai wa ƙorafi ya bambanta. Faɗa mini nan ƙasa. Ina da tsarin littafin miƙa aiki da muka bar wa na bayanmu, da sunayen yara da inda kowa ya tsaya a karatu, zan cire sunayen in turo miki.